Kare a Gidan Haya



Duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na kewayen Zinyau, ko wajen Rurum, ko ɓangaren Kibiya, ya san kare ba baƙo ba ne a gidan manomi. Gidajenmu a warwatse suke, kowa a tsakiyar gonarsa, ba katanga sai dangar kara. Kare ne yake fara sanin wani ya doso gida kafin maigida ya farka. Shi yake korar muzuru daga akurki, shi yake raka yara kiwo, da rani kuma shi ne abokin samari wajen farautar zomo da gafiya. Ba wanda ya taɓa neman izinin kowa kafin ya ajiye kwikwiyo, gama ƙasar ta kakanni ce, maƙwabci mafi kusa kuma sai ka ɗaga murya zai ji ka.

Amma yanzu da yawanku kuna barin gida. Karatu, aiki ko aure ya kai wasu cikin garin Rano, wasu Kibiya, wasu birnin Kano, kun zama 'yan haya a gidajen mutane. Abin da ba a tambaya a ƙauye ya zama abin roƙo a gari. Shi ya sa ake yawan kawo mini wannan tambaya bayan sujada: "Baba Fasto, mai gidanmu ya ce ba ya son kare, yaya zan yi?" Wani zai ga abin bai kai a yi rubutu a kansa ba. Ni kuwa na ga iyali sun kusa rasa muhalli saboda shi, na kuma ga yadda ƙaramar magana irin wannan take iya ɓata zaman da iyayenmu suka yi shekaru suna ginawa da maƙwabtansu Musulmi. Don haka bari in ba ku labarin wata rana da muka je roƙo, da abin da na koya a bakin ƙofar wani dattijo.

Akwai wata mace a ikilisiyarmu da mijinta ya rasu da damina, ya bar ta da yara huɗu. Bayan an gama girbi, ta sami aikin dafa abinci a cikin garin Rano, babban ɗanta kuma ya shiga sakandare a can. Tafiya kullum daga ƙauye ba za ta yiwu ba, sai ta nemi haya. Dillali ya samo mata ɗaki biyu a wani sashe na gidan wani dattijo mai sayar da hatsi, da ƙofarsu daban, da ɗan fili a baya. Kuɗin bai fi ƙarfinta ba, ga rijiya a tsakar gida, ga makaranta kusa. Ta biya rabin kuɗin shekara. Ranar da za a kwashe kaya ne dillali ya ji yara suna maganar inda za a ɗaure kare, nan take ya ce, "A'a, Mama, wannan kam babu shi. Alhaji ba ya zama da kare."

Karen na marigayin ne. Ya manyanta, bakinsa ya fara fari. Tun ranar da aka binne maigidan ya koma bin autan gidan, yaro mai shekara tara, wanda tun rasuwar babansa ya rage magana ƙwarai. Malamin makarantar Lahadi ya gaya mini yaron ba ya amsa tambaya a aji, amma in ka wuce bayan gidansu za ka ji yana hira da karen kamar da mutum. Da aka ce za a bar karen a ƙauye, yaron bai yi kuka ba, abinci kawai ya daina ci. Uwar ta zo wurina ta ce, "Baba Fasto, in na bar gidan nan ban san inda zan samu irinsa ba, kuɗina kuma ya riga ya shiga. In na bar karen, ina tsoron kada in rasa yaron nan yana raye."

Labarin ya kai kunnen zumuntar matasa kafin ranar ta faɗi, shawarwari kuwa suka yi ta zuwa. Wani ya ce a kai karen da dare a ɓoye shi a ɗaki, in an kwana biyu mai gida zai saba. Wani ya ce ai tunda ta biya kuɗi, gida nata ne har shekara ta cika. Wani kuma, wanda ya fi kowa zafi, ya ce don mu Kirista ne ake yi mana haka, a rubuta a Facebook duniya ta sani. Na ce musu su zauna mu dubi shawarwarin ɗaya-ɗaya.

Ta farko yaudara ce, kare kuma ba ya ɓoyuwa, daren farko zai tona kansa da haushi. Ranar da aka kama ka da ɓoye abu ɗaya, duk abin da ka faɗa daga baya ba shi da nauyi. Ta biyu rashin fahimtar haya ce. Abin da ka biya kuɗinsa shi ne zama, gida kuwa yana nan na mai shi, shi ya tara kuɗin bulo, shi zai ci gaba da zama da mutanen unguwa bayan ka tashi. Ta uku ita ce mafi haɗari, domin ta yanke wa mutum hukunci kafin a ji daga bakinsa. Ba kowace "a'a" ce tsanani ba. Akwai 'yan'uwanmu da suke shan wahala ta gaske saboda sunan Yesu. In muka kira kowane saɓani da sunan tsanani, mun rage darajar wahalarsu, mun kuma ɗora wa maƙwabci laifin da bai yi ba. Na san masu gida Kirista a Sabon Gari ta Kano da ba sa yarda da kare a gidajensu, ba wanda ya ce suna tsananta wa kowa.

Na tuna musu cewa zaman haya ba sabon abu ba ne ga mutanen Allah. Ƙarshen littafin Ayyukan Manzanni ya nuna mana Bulus ya yi shekara biyu cur a Roma cikin gidan da yake biyan haya. Ibrahim kuwa, a Farawa sura 23, da Saratu ta rasu, ba shi da ko taki ɗaya na ƙasar da zai binne ta. Ga shi da alkawarin Allah a kan dukan ƙasar, amma bai je wa Hittiyawa da gadara ba. Ya kira kansa baƙo, ya rusuna a gabansu, ya roƙa, ya auna shekel 400 na azurfa ya biya a gaban shaidu a ƙofar gari. Wanda ya san abin da Allah ya yi masa alkawari ba ya jin kunyar roƙon mutum. Hausawa ma sun ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

Ban tafi ni kaɗai ba. Na nemi wani dattijon ikilisiya wanda ya daɗe yana sayar wa Alhajin dawa da masara, sun san juna tun suna samari. Wannan yana da muhimmanci. Kada ku aika saƙon waya a kan magana irin wannan, kada kuma ku bar ta a hannun dillali, wanda abin da ya dame shi shi ne ladansa. Ku nemi wanda mai gida yake jin nauyinsa. Muka sayi goro, muka je bayan la'asar, muka same shi a kan tabarma a ƙofar soro. Muka gaisa, muka tambayi iyali da kasuwa, muka yi masa godiya da ya ba marainiyar Allah da 'ya'yanta wurin zama. Sai da hira ta yi nisa abokin tafiyata ya ce, "Alhaji, akwai 'yar maganar da ta kawo mu, amma ba mu zo da gardama ba. Fasto yana so ya ji daga bakinka."

Na ce, "Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma. An gaya mana ba ka son kare a gidanka, gida kuwa naka ne, abin da ka ce shi za a yi. Sai dai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ba damuwa, ina so in san abin da ya sa, ko akwai abin da za mu iya ɗauke maka."

Ya yi shiru yana juya goro a hannu. Sa'an nan ya ce, "Fasto, tunda ka tambaya da ladabi, zan gaya maka." Ya nuna ɗan masallacin da ke jikin gidan, da butocin alwala a jere, ya ce ba zai so kare ya riƙa sa baki a ruwan da mutane za su yi tsarki da shi ba, ko ya bi ta kan tabarmin salla. Ya ce matansa suna kiwon kaji da 'yan awaki, kuma ba ya son abin da zai haɗa su faɗa da baƙuwa. Ya ce maƙwabta za su yi magana in haushi ya hana su barci.

Kafin in ci gaba, bari in faɗa muku wani abu da ya kamata kowane matashin Kirista a ƙasar nan ya sani game da maƙwabtansa. A makarantar tauhidi an koya mana kaɗan daga abin da Musulmi suka gaskata, domin mu iya zama da su da sani. Mafi yawan Musulmin ƙasar Hausa mazhabar Malikiyya suke bi. A cikinta ba a ɗauki jikin kare mai rai a matsayin najasa ba, amma akwai umarnin a wanke ƙwaryar da ya sha ruwa a ciki sau bakwai. An yarda a ajiye kare don farauta, ko kiwo, ko gadin gona, amma akwai hadisin da ya yi maganar mala'iku ba sa shiga gidan da kare yake, shi ya sa mutane da yawa ba sa son sa a cikin ɗaki ko tsakar gida. Ban gaya muku wannan don ku je ku yi wa mai gida wa'azin addininsa ba. Ya fi ku sanin sa, kuma ba abin da ke rufe ƙofa da sauri kamar yaro ya zo yana koya wa dattijo abin da ya gaskata. Na gaya muku ne domin ku gane cewa damuwarsa ta gaske ce, tana kuma da iyaka: ruwan alwala, wurin salla, cikin ɗaki. Abin da yake da iyaka ana iya kiyaye shi.

Na ɗauka dattijon ya gama, har na fara shirya amsa a raina. Abokin tafiyata ya taɓa ni a gwiwa, alamar in dakata. Sai Alhaji ya sauke murya ya ce, "Amma duk waɗannan ba su ne ba." Ya ce yana saurayi, wani kare ya ciji ƙaninsa a ƙafa a hanyar gona. Ciwon ƙarami ne, aka sa magani ya warke, kowa ya manta. Bayan kusan wata biyu yaron ya fara zazzaɓi, ya fara firgita, in an kawo masa ruwa sai ya ture ƙwaryar yana shaƙewa, alhali ƙishirwa na cinsa. Ya ce shi da babansu ne suka riƙe shi a daren ƙarshe. "Fasto," in ji shi, "shekara fiye da arba'in ke nan, amma in na ji haushin kare da dare, muryar yaron nan nake ji. Ga jikokina nan suna yawo a tsakar gida."

Ba wanda ya yi magana na ɗan lokaci. Da an bi shawarar rubutawa a Facebook, da mun kira mutumin nan maƙiyi, alhali mai makoki ne. Gidaje biyu ne masu rashi suka haɗu a kan kare ɗaya: ga yaron da karen yake tuna masa da babansa, ga dattijon da karen yake tuna masa da ƙaninsa. Na yi masa ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar. Ban roƙi kome ba ran nan. Na ce zan dawo in ya ba ni izini, ya ce ƙofa a buɗe take.

Tsoron dattijon ba camfi ba ne, ina so ku riƙe wannan da kyau. Ciwon haukan kare yana nan har yau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kusan dukansu a Afirka da Asiya, kuma yara ne da yawa daga cikinsu. Kusan duk wanda ya kamu, daga kare ya samo shi. In alamun ciwon suka bayyana, da wuya ƙwarai mutum ya tashi. Amma ana iya tare shi kafin ya kai nan. Tun shekarar 1885 wani masani a Faransa, Louis Pasteur, ya yi wa wani yaro mai shekara tara da mahaukacin kare ya ciza allura, yaron ya rayu. Don tunawa da shi ne ake kiyaye ranar 28 ga Satumba a matsayin ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya. A nan ƙasarmu, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana yin allurar rigakafin da ake yi wa karnuka. Ana fara yi wa kwikwiyo yana da wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara. In kuma kare ya ciji mutum ko ya yakushe shi, a wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa har minti goma sha biyar, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya jiran a ga abin da zai faru. Wanda yake ajiye kare bai yi masa allura ba, ba shi da bakin roƙon kowa.

Wannan karen kuwa ba a taɓa yi masa ba, kamar yawancin karnukan ƙauyukanmu. Washegari matasan nan da suka kawo shawarwari masu zafi su ne suka haɗa kuɗi, biyu daga cikinsu suka ɗauki karen a babur zuwa wurin likitan dabbobi. Aka yi masa allura, aka ba shi maganin tsutsa da na kaska, aka ba su takardar shaida mai kwanan wata da hatimi. Muka zauna da uwar da yaranta muka rubuta abin da za su iya ɗauka a kansu, ba abin da zai yi daɗin ji ba. Na ce musu kada su rubuta ko layi ɗaya da ba za su iya cikawa ba, gama alkawari kaya ne.

Tsarin roƙon daga littafin Daniyel muka ɗauko shi. Ku sake karanta sura ta fari. Daniyel yana bauta a Babila, ba shi da iko a kan abin da za a zuba masa a akushi. Da ya nemi a canja masa abinci, shugaban ya gaya masa tsoronsa: in sarki ya ga sun rame, kansa ne zai tafi. Daniyel bai raina wannan tsoro ba, bai kuma yi tawaye ba. Ya nemi a gwada su kwana goma da kayan lambu da ruwa, sa'an nan a duba a yanke hukunci bisa ga abin da ido ya gani. Ya sauƙaƙa wa mai iko ya ce "to", domin ya bar masa hanyar janyewa. Yawancin masu gida suna cewa "a'a" ne don suna tsoron in sun ce "to" sau ɗaya, ba za su iya komawa baya ba.

Bayan kwana uku muka koma, wannan karon tare da uwar da autanta, ba tare da karen ba. Yaron ya durƙusa ya gaishe da dattijon, ya miƙa masa takardar allurar da hannu biyu. Na ce, "Baba Alhaji, mun ji abin da ka faɗa, ga abin da muka zo da shi. In bai yi maka ba, ba za mu ji haushi ba." Na karanta masa. Za a yi wa karen ɗan ɗaki a filin baya, can nesa da rijiya da masallaci, da kuɗin masu haya. Da rana yana ɗaure. Ba zai bi ta soro ba, ba zai shiga sashen iyalin mai gida ba, in za a fita da shi ta ƙofar baya ce, da igiya a wuya. Kwanonsa daban, ba za a wanke shi a bakin rijiya ba. Za a kwashe kashinsa kowace safiya. In ya taɓa kaza ko akuya, za a biya ba tare da musu ba. Kowace shekara za a kawo sabuwar takardar allura ya gani da idonsa. A ƙarshe, a gwada wata ɗaya. In wata ya cika bai gamsu ba, za a mayar da karen ƙauye wurin kawun yaran, ba sai ya faɗi dalili ba.

Batun biyan ɓarna ba dabararmu ba ce. Dokar Musa, a Fitowa sura 21 da 22, ta ɗora alhakin dabba a kan mai ita: wanda ya san sansa yana tunkuyi bai tsare shi ba, da wanda ya saki dabbarsa ta ci gonar wani. Karin Magana 12:10 kuma ta auna adalcin mutum da yadda yake kula da ran dabbarsa. Ƙaunar dabba da ba ta haɗa da ɗaukar nauyinta ba, son kai ce kawai.

Dattijon ya dubi takardar allurar ya daɗe, ya sa aka kira jikansa ya karanta masa kwanan watan. Ya tambayi yaron sunan karen, ya tambaye shi ko yana cizo. Yaron, wanda muke fama ya buɗe baki a makarantar Lahadi, ya ce, "Baba, ba ya cizo. Na babana ne." Alhaji ya kawar da kai gefe. Can ya ce, "Wata ɗaya. Amma a yi a gaban mai unguwa." Aka yi haka, aka sa hannu, kowa ya riƙe takardarsa. Ya ƙara sharaɗi ɗaya nasa, cewa in ya yi baƙi ko ana taron suna, kada a ji motsin karen. Muka amsa.

Kada ku ɗauka daga nan kome ya tafi sumul. A mako na uku igiyar ta tsinke, karen ya kama wata kaza ta uwargidan Alhaji. Ba wanda ya gani sai babban ɗan. Ya iya jefa gawar a bayan katanga a ce muzuru ne. Uwar ba ta yarda ba. Kafin a nemi kazar ta ɗauki gawar ta shiga cikin gida ta ce, "Hajiya, karenmu ne ya yi wannan, ku gafarce mu." Da yamma ta kawo kaza wadda ta fi waccan girma, ta kuma sayi sarƙa a maimakon igiya. Ta gaya mini daren nan ba ta yi barci ba, tana jiran a ce su kwashe karensu. Da wata ya cika, dattijon ya aiko a gaya mini cewa kazar nan ce ta sa ya yarda, domin ya ga mutanen da in sun yi ɓarna su ne suke fara faɗa. Har yanzu ba ya son karen. In zai zaga baya, sai ya sa an riƙe shi tukuna. Amma da shekara ta ƙare ya sabunta musu haya.

Ba kullum ake samun haka ba, ba na so in ruɗe ku. Wani saurayinmu da ya sami aikin koyarwa a Kibiya ya bi duk waɗannan matakai, ya je da dattijo, ya nuna takarda, ya nemi gwaji, mai gidan ya ce shi dai a'a. Gidan na mutane da yawa ne, tsakar gida ɗaya, ga yara ƙanana. Saurayin ya yi godiya, ya kai karensa wurin ƙanin babansa, yana zuwa ganinsa in ya zo gida ƙarshen mako. Bai daina gaishe da mai gidan ba, bai kuma yi masa ƙorafi a unguwa ba. A wurina shi ma ya yi nasara. Romawa 12:18 ta ɗora mana neman zaman lafiya da kowa iyakar abin da yake hannunmu. Roƙo da ladabi yana hannunka, amsar kuwa tana hannun mai gida. Wani lokaci ma ƙaunar dabbar ce za ta sa ka bar ta a ƙauye, gama karen da ya saba da faɗin gona, ɗaure shi dare da rana a lungu ba alheri ba ne.

Saboda haka, in za ku nemi haya kuna da kare, ko kyanwa, ko tattabaru, ko zomaye, ku faɗa tun kafin kuɗi ya shiga hannun dillali. Ku je da kanku, da babba a gaba. Ku tambayi dalili, ku yi haƙuri har a kai ga na ƙarshe, domin dalilin da mutum ya fara faɗa sau da yawa ba shi ne yake ci masa rai ba. Ku zo da amsa a hannu, ba a baki kawai ba. Ku ba da wa'adin gwaji, ku rubuta a gaban shaidu. Akwai kuma wata al'ada tamu da za ku bari a ƙauye, ta raɗa wa kare sunan habaici don a riƙa kiransa maƙwabci yana ji. A gidan haya irin wannan suna kaɗai ya isa ya jawo muku sallama.

Ku tuna kuma, a unguwanni da yawa ku ne Kirista na farko da mai gida ya taɓa zama da shi kusa. Ba zai zo majami'a ya ji wa'azina ba. Abin da zai sani game da Almasihu shi ne ko kuna biyan haya a kan lokaci, ko kuna share ƙofarku, ko kuna cika abin da kuka sa wa hannu. Yadda kuka fita daga gidan shi zai nuna ko za a buɗe wa ɗan'uwan da zai zo neman ɗaki bayanku.

Bari mu yi addu'a. Ya Uba, kai ne mai duniya da dukan abin da yake cikinta, mu duka baƙi ne a gidanka. Ka ba 'ya'yanka da suke zaune a gidajen mutane tawali'u su roƙa, da kunnen jin damuwar maƙwabci, da gaskiyar cika alkawari ko ba mai gani. Ka ta'azantar da marayu da gwauraye, da duk wanda yake ɗauke da tsohon rashi a zuciya. Ka sa albarka a kan masu gidajen da suka karɓe mu, da iyalansu. Cikin sunan Yesu muka roƙa. Amin.